Farin Dutse a Gidan Baƙi: Yadda Giranit Ke Samuwa Inda Nahiya Ke Tsagewa

A watan Satumba na 2005 ƙasa ta buɗe baki a yankin Afar na Habasha. Cikin 'yan makonni narkakken dutse ya kutso daga ƙarƙashi ya cika wata tsaga mai tsawon kusan kilomita 60, ya ture gefunanta har suka rabu da juna da kimanin mita 8 a wasu wurare. Abin da ya cika tsagar basalt ne, baƙin dutsen nan mai nauyi da ake sa ran gani duk inda ƙasa ke rabewa. Amma abin da ya leƙo fili, ta wani ɗan rami kusa da dutsen Dabbahu, toka ce mai haske da wani dutse mai yawan silika (sinadarin da ya fi yawa a yashi) da masana ke kira rayolait. Shi kuwa rayolait da giranit abu ɗaya ne a wajen sinadarai. Wanda ya fito sarari ya huce nan take shi ne rayolait, wanda ya maƙale a ƙasa ya huce a hankali har ƙwayoyinsa suka girma shi ne giranit.

To ina farin dutse ya fito a wurin da komai baƙi ne? Wannan tambaya ta haura shekara 100 tana hana masana duwatsu barci, kuma amsarta ta fi tambayar daɗi.

Galibin giranit na duniya a wuraren matsi yake samuwa. Ko dai faifan teku, wato ɓawon ƙasa da teku ke kwance a kansa, ya nutse ƙarƙashin nahiya, kamar yadda ake gani a tsaunukan Andes, ko nahiya biyu su yi karo, kamar a Himalaya. A duka biyun ruwa ne jagora. Faifan da ya nutse yana tafe da ruwa a jikin ma'adanansa, ruwan kuma yana sauƙaƙa wa dutse narkewa. Giranit da ya ƙoshi da ruwa yana iya fara narkewa tun zafi bai kai digiri 700 ba. A 1974 Bruce Chappell da Allan White, bayan nazarin duwatsun kudu maso gabashin Ostareliya, suka raba irin wannan giranit gida biyu: nau'in I, wanda ya fito daga narkewar dutsen da shi ma asalinsa narkakke ne, da nau'in S, wanda ya fito daga narkewar tsohon laka da yashi da suka daskare. Rabon nasu a kan uwa yake, wato wane dutse ne ya narke.

A wurin tsagewa labarin ya sha bamban. Ba abin da ke nutsewa, ba mai kawo ruwa. Jan nahiyar ake yi ta gefe biyu kamar fatar da ake miƙewa, tana sirancewa a tsakiya. Ɓawon nahiya kaurinsa yakan kai kilomita 35 zuwa 40, a ƙarƙashinsa kuma akwai mantil, dutse mai tsananin zafi wanda nauyin da ke kansa ne kawai ya hana shi narkewa. Da murfin ya sirance sai mantil ya taso don cike gurbin. Yana tasowa danniya na raguwa, zafinsa kuwa yana nan kusan yadda yake, sai wani ɗan kaso nasa ya narke. Ba a ƙara masa wuta ba, nauyi aka ɗauke masa. Abin da ke fita daga wannan narkewa basalt ne, zafinsa wajen digiri 1,200, silikarsa tsakanin kashi 45 da 52 cikin 100. Giranit kuwa silikarsa ta haura kashi 70. Mantil ba ya haifar giranit kai tsaye, dole wani abu ya faru a hanya.

Kafin a zo kan hanyar, ya kamata a ga ɗan da aka haifa. A 1979 Marc Loiselle da David Wones suka gabatar da wata gajeriyar takarda a taron ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka, suka raɗa wa wannan giranit suna nau'in A. Harafin ya tattara siffofi uku da kalmominsu na Turanci duk da shi suka fara: ba a lokacin haɗa tsaunuka yake samuwa ba, yana da yawan sodiyam da fotashiyam, kuma ruwansa kaɗan ne. A lura da kyau, wannan suna bai ce komai a kan uwa ba. Wuri ya ambata da hali. Rikicin da ya biyo baya kusan duk daga nan ya samo tushe, domin mutane sun ci gaba da nema masa uwa ɗaya tilo kamar yadda aka yi wa I da S.

Ka ɗauki guntun irin wannan dutse, ka jiƙa fuskarsa da ruwa, ka kanga shi ga haske. Giranit na yau da kullum felsfa (ma'adanin da ya fi yawa a jikin giranit) iri biyu za ka gani a cikinsa, wani fari wani ja-ja, kowanne da ƙwayarsa. A nan sau da yawa iri ɗaya ne kawai, sai dai in ka matso da gilashin ƙara girma za ka ga kowace ƙwaya tana da siraran zane-zane farare kamar jijiyoyi. Wannan shi ake kira fatait. Ma'anarsa ita ce felsfan ya daskare da zafi mai yawa, lokacin da sodiyam da fotashiyam ke iya zama ɗaki ɗaya, sai da ya huce suka rabu a cikin ƙwayar. Tuttle da Bowen sun nuna haka a gwaje-gwajen da suka wallafa a 1958: sai ruwa ya yi ƙaranci, danniya ta yi sauƙi, ake samun irin wannan. Sannan ka duba baƙaƙen ma'adanan. A giranit na wuraren matsi su ne ke fara fitowa, don haka siffarsu a cike take, gefunansu a miƙe. A nan kuwa a matse suke cikin 'yan guraben da felsfa da kwatz (ma'adanin silika zalla mai kama da gilashi) suka bari, alamar su ne 'yan auta. Kuma in dutsen mai yawan sodiyam ne, baƙinsu yana da shuɗi-shuɗi ko kore-kore: ribekait, afedsonait, ejirin. Wani lokaci har da fayalait, ma'adani mai yawan ƙarfe wanda ba kasafai ake ganinsa kusa da kwatz ba. Tun kafin a kai guntun ɗakin gwaji ya riga ya faɗi abu uku: da zafi aka haife shi, a kusa da sama, cikin ƙishirwa.

Ɗakin gwaji sai ya ƙara bayani. Ƙarfe ya yi wa magnesiyam fintinkau, har Ronald Frost da Carol Frost suka ba da shawarar a bar harafin A a riƙa ce masa giranit mai ƙarfe. Kalshiyam kaɗan ne, sitironshiyam da bariyam sun kusa ɓacewa. A ɗaya hannun kuma akwai tarin sinadaran da ke da wuyar samu: zirkoniyam, niyobiyam, itiriyam, seriyam, galiyam, ga kuma fulorin. A 1987 Whalen da Currie da Chappell suka fitar da ma'aunin da har yau ake amfani da shi: in an haɗa zirkoniyam da niyobiyam da seriyam da itiriyam suka haura kashi 350 cikin miliyan, kuma galiyam ya yi yawa idan an gwada shi da alminiyam, to ana gaban nau'in A. Zirkoniyam ɗin ma yana aiki kamar ma'aunin zafi, domin yawan da narkakken dutse zai iya riƙewa yana ƙaruwa da zafinsa. Lissafin yakan nuna digiri 800 zuwa 900, wani lokaci sama da haka.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne duk wannan jeri ba a warwatse yake ba, igiya ɗaya ce ta ɗaure shi. Idan narkakken dutse yana da ruwa da iskar oksijin sosai, ma'adanin magnetait yana fitowa da wuri ya kwashe ƙarfe, ruwan kuma yana danne filajiyokilas, wato felsfa mai kalshiyam, ya hana shi fitowa. Idan ruwa da oksijin sun yi ƙaranci sai lamarin ya juye. Filajiyokilas ne ke fitowa da wuri kuma da yawa, yana tafiya da kalshiyam da sitironshiyam da yurofiyam da alminiyam. Magnetait ya makara, don haka ƙarfe ya yi ta taruwa a ruwan dutsen da ya rage, wato narkakken da bai daskare ba. Sinadaran da ba su da gurbi a cikin ƙwayoyin farko su ma suna nan suna taruwa, kamar yadda gishiri ke ƙara ƙarfi a tafkin da ke ƙafewa. Idan filajiyokilas ya ci gaba da kwasar alminiyam yana barin sodiyam, akwai ranar da sodiyam da fotashiyam za su fi alminiyam yawa. Daga wannan rana ruwan ya canza hali: zirkon, wanda a da yake daskarewa ya fita da zirkoniyam, yanzu narkewa yake yi, har zirkoniyam ya taru ya wuce misali. Ragowar sodiyam ɗin da bai sami alminiyam ɗin da zai haɗu da shi ya zama felsfa ba, shi ne ke haɗuwa da ƙarfe ya ba da waɗancan ma'adanai masu shuɗi.

Wannan ita ce hanya ta farko, wato tacewa. Basalt ya tsaya a wani rumbu cikin ɓawon ƙasa, yana hucewa, ƙwayoyi na fita, ruwan na ƙara haske, daga basalt zuwa tirakait zuwa rayolait. Kafin a kai ga giranit sai kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan farko ya daskare. A tsagar Oslo ta Norway, wadda ta yi aiki tsakanin shekara miliyan 300 da 250 da suka wuce, ana iya bin sawun tafiyar: daga basalt, zuwa labikait mai ƙyallin shuɗi da ake yanka ana lulluɓe gine-gine da shi a duniya, zuwa nodmakait, har zuwa ekerait, giranit mai yawan sodiyam. A tsagar Gabashin Afirka kuwa ana kallon abin da ransa. Dutsen Fantale na Habasha yana aman fantelerait, rayolait mai ƙarfe da sodiyam wanda ya samo sunansa daga tsibirin Pantelleria na Italiya.

Sai dai hanyar tana da wani gibi da ya daɗe yana ba masu goyon bayanta kunya. Idan tacewa ce a hankali, ya kamata a sami duwatsun tsaka-tsaki da yawa, masu silika tsakanin ta basalt da ta rayolait. Amma a wuraren tsagewa baƙi ake gani da fari, na tsakiya ƙalilan. Reginald Daly ya lura da haka a tsibirin Ascension a 1925, shi ya sa ake kiran abin gibin Daly. Masu kare tacewa suna da amsa mai ƙarfi: da zarar ma'adanan ƙarfe sun fara fitowa, silika tana tashi da sauri cikin ɗan ƙanƙanin sauyin zafi, don haka ruwan ba ya daɗewa a matakin tsakiya. Ga shi kuma ruwan tsakiyar cike yake da ƙwayoyi, yana da nauyi da kauri, farin da ke yawo a saman rumbun ya zame masa murfi. Rashin ganinsa a sama bai nuna babu shi a ƙasa ba.

Wasu kuwa suka ce gibin na gaskiya ne, domin farin ba ɗan baƙin ba ne, maƙwabcinsa ne. Wannan ce hanya ta biyu. Basalt mai zafin digiri 1,200 ya zo ya shimfiɗu a gindin ɓawon nahiya ko a tsakiyarsa, ya zama murhu, ɓawon da ke kansa ya narke. A 1982 Collins da abokan aikinsa suka ce ɓawon da ke narkewa wanda aka taɓa tatsa ne, wato an riga an fitar da giranit daga cikinsa sau ɗaya, ruwansa ya ƙare, sai fulorin ya rage. Ra'ayin ya yi farin jini na wani lokaci, amma a 1991 Creaser da Price da Wormald suka nuna inda yake yoyo: dutsen da aka tatsa ya riga ya rasa fotashiyam da silika, ta yaya zai haifi ɗa mai yalwarsu? A 1997 Alberto Patiño Douce ya ɗauki duwatsun giranit na yau da kullum, waɗanda ba a taɓa tatsa ba, ya narka su a digiri 950 ƙarƙashin danniya iri biyu. A danniya mai sauƙi, kwatankwacin zurfin kilomita 15, ruwan da ya fito ya yi kama da nau'in A. A danniya ninki biyu bai yi ba. Dalilin kuwa tsohon abokinmu ne: a sama-sama filajiyokilas ne ke zama a baya bai narke ba, ya riƙe kalshiyam da sitironshiyam da alminiyam. Abin da ya yi a hanyar farko ta wajen fita, shi ya yi a ta biyu ta wajen ƙin shiga.

Akwai ta uku, wadda ke tsakanin biyun: basalt ɗin da ya daskare a ƙasa tun farkon tsagewa, sabon basalt ya zo ya sake narka shi kaɗan. Jininsa na mantil ne, haihuwarsa ta narkewar ɓawo ce. A 2009 masu haƙar rijiyar zafin ƙasa a Krafla ta Aisland suka faɗa kan narkakken rayolait a zurfin kusan kilomita 2, bincike kuma ya nuna daga narkewar basalt ɗin wurin ya fito. Aisland ba nahiya ba ce, amma darasin ya shafi nahiya.

Yaya ake raba gardama? Da aisotof, wato nau'o'in sinadari ɗaya masu bambancin nauyi, waɗanda narkewa da daskarewa ba sa sauya rabonsu. Rubidiyam 87 yana rikiɗa a hankali ya koma sitironshiyam 87. Tsohon ɓawon nahiya yana da rubidiyam da yawa kuma ya daɗe yana tara wannan rikiɗa, don haka rabon sitironshiyam 87 da 86 a cikinsa yakan haura 0.710, na mantil kuwa wajen 0.703 yake. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: giranit yana gadon rabon uwarsa. Nelson Eby ya ƙara wani ma'auni a 1992 da rabon itiriyam da niyobiyam. Wanda rabonsa bai kai 1.2 ba ya kira shi A1, mai kama da basalt na tsibiran teku da na tsagar nahiya. Wanda ya haura ya kira shi A2, mai ɗauke da tambarin ɓawon nahiya. Da aka auna duwatsun duniya sai aka tarar wasu na nan, wasu na can, da yawa kuma suna tsakani, domin ruwan da ke tacewa yana narka bangon rumbunsa yana haɗiyewa a lokaci guda.

Ni dai abin da na ɗauka shi ne neman uwa ɗaya ɓata lokaci ne. Kama da wane ba wane ba ne. Abin da ya haɗa waɗannan duwatsu tarbiyya ce: zafi mai yawa, zurfi kaɗan, ƙarancin ruwa da oksijin a farkon tafiya, da mulkin filajiyokilas. Tsagewar nahiya ce ke tanadar wannan gida, duk ɗan da ya tashi a cikinsa kuwa da halin gidan zai fito. Wuri ɗaya ne nake ganin uwa ba ta ɓoyuwa: masu tsananin sodiyam, masu ma'adanai shuɗɗa, da wuya a same su daga narkewar ɓawon nahiya na yau da kullum, domin ɓawon alminiyam ya yi masa yawa. Waɗannan 'ya'yan basalt ne. Maganar ƙarancin ruwa ma tana son gyara. An auna 'yan ɗigon narkakken dutse da suka maƙale cikin ƙwayoyin fantelerait aka sami ruwa har wajen kashi 4 cikin 100. Ƙishirwar ta farkon tafiya ce, ruwan ma taruwa yake yi a ƙarshe kamar sauran abubuwan da ƙwayoyi suka ƙi ɗauka.

Da yake a kusa da sama suke zama, siffarsu ma ta daban ce. Rumbun yana iya kasancewa kilomita kaɗan a ƙarƙashin dutse mai aman wuta. Idan ya amayar da abin cikinsa, rufin ya karye a zagaye ya nutse, ruwan ya taso ta layin karayar ya daskare kamar zobe. Bayan miliyoyin shekaru, iska da ruwa sun cinye dutsen sama, sai zobban su fito fili. Daga cikin fitattun misalai a duniya akwai jerin da ya taso daga tsaunukan Ayar na Nijar, ya ratsa Damagaram, ya bi ta tsaunin Jos har zuwa Afu a jihar Nasarawa, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Na Ayar sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram wajen 300, na Afu wajen 140, wato suna ƙara ƙuruciya yayin da ake yin kudu. J. D. Falconer ne ya bambanta su da tsohon giranit ɗin da suka huda a 1911. Su kuma gargaɗi ne ga mai gaggawa: sinadaransu na nau'in A ne sak, amma ba a cikin kwarin tsaga suke ba, kuma mafi yawansu sun riga kwarin Binuwai buɗewa. Ganin nau'in A yana nuna ƙasa ta saki jiki basalt ya samu hanya, bai tabbatar da cewa nahiya ta tsage ba. Brandberg na Namibiya, mai shekara wajen miliyan 130, shi ne ya zo daidai da rabuwar Afirka da Kudancin Amurka.

A ƙarshen daskarewa ne fulorin ke nuna aikinsa. Yana rage kaurin ruwan, yana saukar da zafin da zai daskare. Gwajin Manning na 1981 ya nuna kashi 4 cikin 100 na fulorin yana saukar da shi da kusan digiri 100. Ruwan ƙarshen nan, mai laushi, mai ɗauke da duk abin da aka ƙi, yana ratsa tsagogin dutsen da ya riga shi daskarewa yana sauya shi. A nan kuza ke zama, da kolumbait, ma'adanin niyobiyam, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa fitar da shi a shekarun 1950, da jijiyoyin kuza da zinki na Riruwai. A Ivigtut ta kudancin Girinland, cikin tsagar Gardar mai shekara fiye da biliyan 1, fulorin ya taru har ya zama tudun kirayolait a kan wani ɗan giranit, ma'adanin da masu narka alminiyam suka dogara da shi, aka yi ta haƙarsa har 1987. A Pitinga ta Barazil kuza ce da niyobiyam da kirayolait a dutse ɗaya. A Strange Lake, kan iyakar Kebek da Labrado a Kanada, zirkoniyam da itiriyam da danginsu ne suka cika wani giranit mai yawan sodiyam, a cikin dangin har da sinadaran da ake nema yau don maganaɗisun injinan lantarki.

Ƙarƙashin Fantale da Dabbahu, a zurfin kilomita kaɗan, irin wannan ruwa yana nan da zafinsa. Filajiyokilas ya riga ya kwashe rabonsa, ƙarfe da zirkoniyam suna taruwa, ƙwayoyin felsfa suna girma ba tare da zane ko ɗaya a jikinsu ba tukuna, domin sodiyam da fotashiyam ba su huce har sun rabu ba.